Zauren Iyali: Yadda ake kafa wifi a gida da yadda ake kulle ƙofarsa

A wannan fitowar za mu yi magana ne a kan wata ƴar na'ura da ta shigo gidajenmu ta samu wurin zama ba tare da an yi dogon shawara ba, wato akwatin nan mai ƙyafta fitilu da ke raba intanet a cikin gida, wanda muke kira akwatin wifi, Larabawan Libiya kuma suke ce masa rawtar. Abin da ya jawo maganar kuwa wani al'amari ne da ya faru a gabanmu a unguwar Jadid ta birnin Sabha, wanda ya kusa shiga tsakanin uba da ɗansa.

Ga waɗanda ba su san wurin ba, Sabha ita ce babban birnin yankin Fazzan da ke kudancin Libiya. Jadid kuwa, duk da cewa ma'anar sunanta da Larabci ita ce sabuwa, tana cikin tsofaffin garuruwan da suka haɗu suka zama Sabha, tare da Gurda da Hajara. Hausawa sun daɗe da sanin wannan yanki, domin tun zamanin ayari fatake ke ratsa Fazzan tsakanin Kano da Tarabulus, yau kuma motoci ne ke bin hanyar Agadas da Dirku da Gatrun suna sauke magina da teloli da masu aikin gona. Dattawanmu suna tuna lokacin da labarin gida ke zuwa a wasiƙa ko a kaset ta hannun direba, bayan wata ɗaya ko biyu. Yanzu kuwa tsohuwa tana zaune a Damagaram ko Tawa tana kallon fuskar jikanta da ke Jadid, ta yi masa wasa ya yi mata dariya. Saboda haka akwatin nan ya zama igiyar zumunci, kuma abin da ya kai wannan matsayi ya cancanci a kula da shi.

Abin da ya faru a gidan tela

Wani bawan Allah tela, mutumin Damagaram, wanda ya daɗe a Jadid tare da iyalinsa, ya same mu wata rana bayan la'asar, ransa a ɓace. Bayan mun gaisa ya ce: "Malam, yaron nan nawa ya ishe ni. Ina sayen intanet na wata guda, kwana tara ya ƙare, yau sau uku ke nan. Na san shi ne yake raba dare yana kallon ƙwallo da finafinai, in na tambaye shi kuma ya yi ta rantse-rantse." Ashe har ya ƙwace wayar yaron ya kulle a akwatin kayansa, uwargida ta sa baki an yi cacar baka, ranar Juma'a kuma da aka saba kiran tsohuwarsa a gida ba a samu yi ba.

Muka bi shi gidan, muka buɗe shafin da ke nuna na'urorin da ke haɗe da akwatin. Muka ƙirga na gidan: wayoyi shida da talabijin ɗaya, wato bakwai. Shafin kuwa ya nuna ashirin da uku, alhali wayar yaron da ake zargi tana kulle a kashe kwana uku. Muka tambayi maigida kalmar sirrin da ya sa, sai ya ce lambar wayarsa ce, don kada ya manta. Wannan lamba kuwa ita ce aka rubuta da fenti a ƙofar shagonsa domin masu kawo ɗinki. Yaron yana tsaye a bakin ƙofa, ya ce: "Baba, ai na faɗa maka ba ni ba ne." Hausawa na cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Babu laifin kamfanin da ya sayar da intanet, babu na yaron, ƙofa ce aka bari a buɗe.

Me ake asara idan ƙofar tana buɗe?

Intanet yana isowa gida ta igiyar tarho, ko ta layin waya da ake sakawa a cikin akwatin, irin na kamfanonin LTT da Libyana da Almadar a nan Libiya. Aikin akwatin shi ne ya mai da shi sigina irin ta rediyo ya watsa. Sigina kuwa ba ta san iyakar gida ba: tana ratsa bango ta shiga gidan maƙwabci, ta fita har bakin titi. Duk wanda ya samu kalmar sirri, ko yana zaune a dakalin waje ne, tamkar yana tsakar gidan yake.

Asara ta farko ita ce ta kuɗi, wadda telanmu ya ɗanɗana. Ta biyu ta fi ta nauyi, ita ce ta suna. Layin da ke cikin akwatin da sunan wani aka yi masa rajista, don haka idan wani baƙon ido ya yi amfani da shi wajen damfara ko barazana ko yaɗa abin da hukuma ta hana, sawun zai kawo masu bincike ne ƙofar mai layin. Libiya tana da doka mai lamba 5 ta shekarar 2022 a kan laifuffukan intanet, Nijar ma tana da tata mai lamba 2019-33 ta ranar 3 ga Yuli 2019. Kowa ya san cewa mutumin da ke zaune a ƙasar da ba tasa ba, ba ya son abin da zai kai shi ga yin bayani a ofishin ƴan sanda a kan laifin da bai san hawa ba bai san sauka ba.

Ta uku ita ce ta sirrin iyali. A nan ya kamata mu faɗi abin yadda yake, kada mu tsorata jama'a fiye da kima. Saƙonnin WhatsApp tun shekarar 2016 a kulle suke tun daga wayar mai aikawa har zuwa ta mai karɓa, saboda haka wanda ya shiga wifin gida ba zai iya karanta su ba. Amma zai iya ganin na'urorin gidan, ya taɓa waɗanda ba su da tsaro kamar kyamarar gadi mai araha, kuma idan ya kai ga shafin sarrafa akwatin zai iya karkatar da masu gidan zuwa shafin jabu mai kama da na banki ko na Facebook, su rubuta kalmar sirrinsu da hannunsu.

Inda za a ajiye akwatin

Kafin maganar kulle, sai a samar wa akwatin mazauni. A ɗora shi a wuri mai ɗan tudu, kamar saman kanta, kusa da tsakiyar gida, nesa da ƙofar ƙarfe da tankin ruwa da firiji, domin ƙarfe da ruwa suna shanye sigina. Katangar ƙasa mai kauri irin ta tsofaffin gidajen Jadid ma tana rage ta, haka nan siminti mai rodi. Idan akwatin mai layin waya ne, yana bukatar ya ji turken kamfani, don haka a gwada shi kusa da tagogi daban-daban a ga inda fitilun sigina suka fi cika. Idan wurare biyu sun yi daidai, a zaɓi wanda ke kallon tsakar gida a bar na bakin titi.

Yawancin akwatunan yanzu suna watsa sigina iri biyu, mai lamba 2.4 da mai lamba 5. Ta 2.4 ta fi nisan zango da ratsa bango, ta 5 ta fi sauri amma ba ta nisa. Talabijin da ke ɗaki ɗaya da akwatin a haɗa shi da ta 5, ko ma da igiya, ɗakunan ƙurya kuwa su yi amfani da ta 2.4.

Sai kuma zafi da ƙura da ɗaukewar wuta, waɗanda mazauna Fazzan suka sani sarai. Masu ƙera waɗannan akwatuna galibi suna rubuta cewa kada zafin wurin ya wuce digiri 40, alhali bazarar Sabha tana wuce haka. Muna roƙon iyayenmu mata su yi haƙuri, kada a lulluɓe akwatin da ƙyalle don gudun ƙura, domin ta ƴan ramukan jikinsa yake shan iska. A bar shi a inuwa, a riƙa goge shi, musamman bayan iskar gibli. Game da wuta kuwa, akasarinsu bolt 12 suke amfani da shi, kuma abin da suke ci bai wuce na ƙaramin ƙwan fitila ba, saboda haka ƙaramin batir da ake sayarwa domin wannan aiki yana riƙe su sa'o'i. A duba abin da aka rubuta a jikin cajar akwatin kafin a saya, domin batir mai ƙarfin da ya wuce kima yana ƙone shi.

Mabuɗin zaure da mabuɗin turaka

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne akwatin wifi mabuɗai biyu gare shi. Na farko shi ne kalmar sirrin da ake ba waya domin ta samu intanet, mu kira shi mabuɗin zaure. Na biyu shi ne wanda ake shiga shafin sarrafa akwatin da shi, inda ake sauya komai, mu kira shi mabuɗin turaka. Wanda ya riƙe na turaka zai iya sauya na zaure, ya kori maigidan daga wifinsa.

Domin shiga turakar, a haɗa waya da wifin, a buɗe manhajar duba shafuka kamar Chrome, a rubuta adireshin akwatin a sama. Yawanci 192.168.1.1 ne ko 192.168.0.1, na kamfanin Huawei masu layin waya kuwa 192.168.8.1. Adireshin da sunan shiga da kalmar sirrin farko suna rubuce a ƴar takardar da aka manna a ƙarƙashin akwatin. A gidan telanmu mun tarar sunan shiga admin ne, kalmar sirri ma admin, kamar yadda aka fito da shi daga masana'anta. Wannan sakaci ya taɓa girgiza duniya: a shekarar 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta kame dubban ɗaruruwan akwatuna da kyamarori ta hanyar gwada kalmomin masana'anta kimanin sittin kawai, aka yi amfani da su ranar 21 ga Oktoba na shekarar aka toshe manyan shafuka kamar Twitter da Netflix a Amurka. Masu na'urorin suna gidajensu ba su san da kayansu aka yi ɓarnar ba. To, aikin farko shi ne sauya mabuɗin turaka, kuma kada ya zama iri ɗaya da na zaure. Maigida da uwargida kaɗai ya kamata su san shi.

Idan akwatin na hannu ne aka sayo a kasuwa, a fara da wanke shi. Akwai wani ɗan rami a bayansa da aka rubuta Reset, a sa tsinke a danne kamar daƙiƙa goma, zai koma yadda ya fito daga masana'anta. Sai dai idan na igiyar tarho ne, a tanadi bayanan haɗi da kamfani ya bayar tukuna, domin su ma za su goge. Idan kuma mai gyara ne ya zo ya haɗa, a biya shi a yi masa godiya, bayan ya tafi a sauya mabuɗan duka biyu. Wannan ba zargi ba ne, haka ake yi ko da magini ne ya sa ƙofa.

Suna, kulli da kalmar sirri

A cikin shafin za a ga wurin sunan wifi, wanda ake rubutawa SSID. Wannan sunan duk mai wucewa yana ganinsa a wayarsa. Kada a sa sunan maigida, ko na ƴarsa, ko na garinsu, ko lambar waya, domin babu amfanin shelanta wa titi cewa ga gidan wane ɗan ƙasa kaza. A sa wata kalma da ba ta nuna kowa. Wasu suna ɓoye sunan gaba ɗaya suna ganin sun tsira, alhali ɓoyayyen suna yana bayyana ga duk mai manhajar bincike, don haka kada a dogara da wannan.

A ƙarƙashinsa akwai zaɓin irin kullin da za a yi wa siginar. Kulli na farko da aka yi, mai suna WEP, masana sun gano lagonsa tun 2001, yau cikin mintuna ake ɓalle shi. Aka kawo WPA a 2003, WPA2 a 2004, sannan WPA3 a 2018. A zaɓi WPA3 idan akwatin da wayoyin gidan sun san shi, in ba haka ba a zaɓi WPA2 tare da AES, ko zaɓin da ya haɗa biyun. Akwatin da bai san komai ba sai WEP ko WPA na farko ya tsufa, ya kamata a yi tanadin wani.

Sai kalmar sirrin kanta. Tsarin WPA2 yana karɓar haruffa daga 8 zuwa 63, amma mutane suna tsayawa a kan takwas ɗin, ko su sa lambar waya. Bari mu yi lissafi. Lambar salula a Libiya alƙaluma goma ce, ukun farko kuwa sanannu ne, kamar 091 da 092. Saura bakwai, wato yiwuwar miliyan goma ga kowane mafari. Ɓarawo yana iya tsintar gaisuwar da waya ke yi da akwati a cikin iska, ya tafi da ita gida, ya sa kwamfuta mai ƙarfi ta riƙa gwada dubban ɗaruruwan kalmomi a daƙiƙa guda. Cikin ƴan mintuna ya gama da dukkan lambobin ƙasar. A shekarar 2021 wani mai bincike, Ido Hoorvitch, ya gwada wannan a kan wifi 5,000 a birnin Tel Aviv, ya buɗe kimanin kashi 70 cikin 100, mafi yawansu saboda lambar waya aka sa.

Maganin wannan yana bakinmu. A zaɓi kalmomin Hausa huɗu ko biyar da ba su da dangantaka da juna, a jera su, a ƙara alƙaluma, misali rakumi-tulu-allura-Bilma-47. Wannan misali ne kawai, tun da an buga shi a nan kada kowa ya ɗauka. Irin wannan jeri yana da sauƙin riƙewa ga ɗan gida, ga na'ura kuwa dutse ne. A guji sunayen yara da shekarar haihuwa da 12345678, a guji karin magana da addu'o'in da kowa ya haddace. A kuma bar haruffa masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, domin talabijin da wasu wayoyi ba su da su, akwatin ma yana iya ƙin karɓa.

Ƙananan ƙofofin baya

Bayan an gama da manyan ƙofofi, akwai ƙanana guda uku. Ta farko ita ce WPS, wani tsari da aka yi domin a haɗa waya da danna maɓalli ko da lamba mai alƙaluma takwas. A watan Disamba na 2011 wani mai bincike, Stefan Viehböck, ya nuna cewa akwatin yana duba lambar ne rabi-rabi, ta yadda gwaji 11,000 ya isa a gano ta, daga nan kuma akwatin da kansa zai miƙa kalmar sirri komai tsawonta. Akwai manhajojin waya da samari ke amfani da su domin wannan. A nemi WPS a shafin a kashe shi.

Ta biyu ita ce damar sarrafa akwatin daga nesa, ta intanet. Magidanci ba ya bukatarta, a tabbatar a kashe take. Ta uku ita ce manhajar cikin akwatin, wadda ita ma takan tsufa. A 2017 Mathy Vanhoef na jami'ar Leuven ta ƙasar Beljiyam ya gano wata ɓaraka a WPA2 kansa, aka toshe ta ta hanyar sabunta manhajar wayoyi da kwamfutoci da akwatuna. Waɗanda ba su sabunta ba suka zauna da ɓarakarsu. Saboda haka a riƙa duba wurin sabuntawa a shafin bayan ƴan watanni, a kuma bar wayoyin gida su karɓi nasu sabuntawar. Kada a fara sabunta akwati a lokacin da ake tsammanin ɗauke wuta, sai in yana kan batir, domin yankewa a tsakiya tana iya kashe shi.

Baƙo da maƙwabci

Mun san abin da wani zai ce: yaya za a yi baƙo ya zo gidanka, ko maƙwabci ya roƙe ka, ka hana shi? Gaskiya ne, wannan ba tarbiyyarmu ba ce. Amma Bahaushe tun asali ya san bambancin zaure da cikin gida, yana karɓar baƙo hannu biyu-biyu ba tare da ya kai shi ɗakin matarsa ba. Akwatuna da yawa suna da wifin baƙi, wato suna na biyu da kalmar sirri ta daban, wanda ke ba da intanet amma ba ya barin mai shi ya ga na'urorin gida ko ya shiga turaka. A wasu har ana iya ƙayyade saurinsa ko yawan masu hawa. A kunna shi, a ba baƙi wannan, bayan biki ko suna a sauya kalmarsa.

Dalilin sauyawar shi ne kalmar sirri ba ta zama wuri ɗaya. Tun daga Android 10 na shekarar 2019, duk wayar da ta taɓa shiga wifi tana iya nuna wani hoto mai ɗigo-ɗigo da ake kira QR, wani ya ɗauka da kyamara ya shiga nan take. Akwai kuma manhajojin da ke yi wa mutum alkawarin wifi kyauta, hanyarsu kuwa ita ce tattara kalmomin sirrin da masu amfani da su suka shigar su raba wa wasu. A duba wayoyin yara, in an ga irinsu a goge.

Haka nan mu ma mu kiyaye. Intanet ɗin maƙwabci da kuɗinsa ya saya, wataƙila daga guminsa na yini guda a bakin gini. Samun ƙofarsa a buɗe bai halatta mana shiga ba. Mai bukata ya yi sallama ya roƙa, wanda kuma ya lura wifin maƙwabcinsa ba shi da kulli ya sanar da shi.

Sau ɗaya a wata, ranar da ake sabunta kuɗin intanet, maigida ya buɗe shafin ya ƙirga na'urorin da ke haɗe. Sai dai a sani wayoyin zamani sukan sauya lambar shaidarsu, waya ɗaya ta fito kamar biyu a jerin waɗanda suka taɓa shiga, don haka a ƙirga waɗanda ke haɗe a lokacin. Idan lissafi bai fita ba, kada a ɓata lokaci wajen toshe su ɗaya bayan ɗaya, a sauya kalmar sirri, kowa zai fita, sannan a mai da na gida.

Yaranmu

Akwatin yana iya taimaka wa iyaye ta hanya biyu. Da yawansu suna da wurin ƙayyade lokaci, inda za a ce wayar wane ta daina samun intanet daga ƙarfe goma na dare zuwa safiya. Sannan akwai wurin da aka rubuta DNS, wanda shi ne kamar ɗan jagoran da ke nuna wa waya hanyar kowane shafi. Idan aka rubuta 1.1.1.3 da 1.0.0.3 a wurin, wato jagoran iyali da kamfanin Cloudflare ya buɗe kyauta a 2020, zai ƙi kai kowa shafukan batsa da na miyagun manhajoji da ya sani. Amma kada iyaye su yi wannan su kwanta barci. Ba ya tace abin da ke cikin TikTok ko Facebook, kuma yaron da ke da kuɗin intanet a layinsa, ko manhajar VPN, ya zagaye shi. Mun ga gidan da aka ajiye faranti a falo, bayan isha'i kowa ya ɗora wayarsa a kai har da maigida, kuma mun ga wannan ya fi kowace na'ura aiki, domin yaro abin da ya ga babba yana yi shi yake ɗauka.

Yadda aka ƙare

A gidan telanmu aikin duka bai kai rabin sa'a ba. Muka sauya mabuɗan biyu, muka kashe WPS, uwargida ta rubuta kalmomin a littafin da take lissafin adashi ta ajiye a ɗakinta. Maigida ya ɗauko wayar yaron ya miƙa masa a gabanmu, ya ce: "Na zarge ka a kan abin da ba ka yi ba, ka yafe mini." Yaron ya durƙusa ya ce: "Ba komai, Baba." Daga nan uban ya ɗora masa aikin ƙirga na'urori kowane wata, tun da ya fi kowa a gidan gane shafin.

Washegari da safe wasu samari uku ƴan Tawa, masu aikin gini da ke haya a gidan da ke jikin nasa, suka yi sallama a shago. Babbansu ya ce: "Baba, mu ne muke hawa wifinka. Wani ne ya ba mu lambar, da ita muke kiran gida. Mun ga an rufe, muka ce gara mu zo mu nemi gafara." Tela ya yi shiru jim kaɗan, domin shi ma ya taɓa zama sabon zuwa a garin nan. Ya ce su riƙa kawo ɗan abin da ya sawwaƙa kowane wata a haɗa a sayi mai yawa, ya buɗe musu wifin baƙi, da sharaɗin kada kalmar ta wuce su ukun. Sauran masu hawa ba a san su ba har yau. Watan da ya biyo baya intanet ya kai ƙarshen wata, tsohuwa kuma ta ga jikokinta kowace Juma'a.

Muna roƙon kowane magidanci da ya karanta wannan ya juya akwatinsa yau ya karanta ƴar takardar da ke ƙarƙashinsa, ya fara da mabuɗin turaka. Wanda karatun boko ya yi masa nauyi ya zaunar da ɗansa ko ƴarsa su yi tare, amma shi zai zaɓi kalmar. Allah ya tsare mana gidajenmu da zuri'armu, ya sada matafiya da iyalansu cikin alheri.